Mai Rufe Baya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Auta ya ce min kin fara taka ta ba sanda, na yi hamdala ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Babbar 'yar taki ta sauka lafiya, an samu mace, kamar Inna ta yi kaki, har da ɗan gajeren hancin nan. Tagwaye suna can wajen aikinsu, ba a ganinsu sai sun ji yunwa. Gwaggo tana nan da ranta, kunne ya yi nauyi amma faɗa bai ragu da ko kaɗan ba. Rufin ɗakin baya da kika yi ta yi min mita a kai an gyara shi, yanzu ko an yi ruwa ba sai mun jera bokitai ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani na waya. Dalilin shi ne ƙanin naki, maigidana Malam, yana zaune a gida wuni zubur da hannun dama a ɗaure, ga shi Allah ya ba shi kunne, ko raɗa na yi a kicin sai ya ji. Kada hankalinki ya tashi, tsagewar ƙashi ce a wuyan hannu, likita ya ce za ta haɗe. Amma yadda aka yi ya same ta shi ne ya tsaya min a maƙogwaro, idan ban amayar miki ba fashewa zan yi. Akwai kuma wata alfarma da zan nema a ƙarshe, ki daure ki karanta har can kafin ki fara yi min dariya.

Kin dai san tun da Malam ya yi ritaya daga aikin malamin gona ya shiga ƙungiyar tsofaffin nan masu yawon babur. Wai Zakunan Hanya suke kiran kansu. Zakuna, Yaya! Mutanen da kowannensu ke yawo da ledar magani a aljihu, in ya tsuguna ɗaure takalmi sai an miƙa masa hannu kafin ya tashi. Duk ƙarshen mako sai su taru a gidan man da ke bakin babban titi, su yi ta murɗa wa babura wuya suna hana unguwa sakat, sannan su jera su nufi wani gari mai nisa, su sha shayi, su ɗauki hoto, su juyo. Shi ke nan aikin. Ba saye ba sayarwa, ba zumunci ba dubiya. Shugabansu wani tsohon manajan banki ne, har yau Manaja suke ce masa ko da yake rabonsa da ofis an jima. Rina gemu yake yi baƙi ƙirin, in ya yi gumi cikin hular kwano sai rinin ya gangaro masa har wuya. Akwai Likitan Haƙori, ɗan gajere, wanda ya je ya sayi babur mai tsayin da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, sai da aka ƙara wa takalminsa dunduniya, kuma duk da haka da yatsu yake tokarewa. Akwai Kwastan, ƙato mai tumbi, mai ciwon suga, wanda ko sannu zai ce maka sai ya yi tsawa. Sauran ba sai na ɓata tawada a kansu ba, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Suna da wata ƙa'ida guda ɗaya da ko ni na yarda akwai hankali a cikinta. In sun jera a hanya shugaba ne a gaba, mutum ɗaya kuma yana can ƙarshen layi, shi suke kira mai rufe baya. Ba ya wuce kowa, ko da na gabansa rarrafe yake yi. In wani ya tsaya shi ma ya tsaya, ba zai tashi ba sai wancan ya tashi. Tun da aka kafa ƙungiyar Malam ne ke wannan aiki, a kan tsohon jan babur ɗin nan nasa na zamanin zagayen gonaki, wanda kika taɓa hawa kika rantse ba za ki ƙara ba. Yana saka wata riga ruwan ɗorawa mai ƙyalli don a hango shi daga nesa, ya ɗaure akwatinsa a baya, cike da sifanu da kayan faci da gorar ruwa da alewa. Ni kam ba irin tsiyar da ban yi masa ba. Na ce ban taɓa ganin mutumin da zai wuni yana shaƙar hayaƙin wasu ya dawo yana washe baki ba sai shi. Amma gaskiya ɗaya ce, Yaya, in ya dawo fuskarsa fes take, ya ci abinci da kyau, ya yi barci har da minshari. Kafin ya same su kuwa, kin tuna yadda yake zama a baranda yana kallon ƙadangaru tun safe har rana ta juya.

To, kwanakin baya sai Manaja ya yo musu odar kaya iri ɗaya: rigar fata baƙa, wandon fata baƙi, da kan zaki a gadon baya, ga hular kwano baƙa mai wata na'ura a ciki da za su riƙa jin maganar juna suna tafiya. A wannan zafin! Ranar da na fara ganinsu a ciki, wallahi kamar an jera buhunan gawayi an kifa wa kowanne tukunya. Suka kira taro a kan babbar tafiyar da suke shiri, wai har bakin wani tafki can bayan duwatsu, a kwana a dawo. A nan Manaja ya miƙe ya ce zamani ya canza, tunda yanzu kowa na iya magana da kowa a cikin hula, ba a bukatar mai rufe baya. Likitan Haƙori ya ƙara da cewa jan babur da rigar ruwan ɗorawa suna ɓata musu hoto. Aka ce a ɗaga hannu, babu hannun da bai tashi ba. Don su rufe bakinsa sai suka ba shi wani allon katako da aka rubuta wai shi ne uban ƙungiya mai ba da shawara. Ya dawo gida, ya rataye rigar a ƙusar bayan ƙofa, ya tura allon ƙarƙashin gado. A bakin matar Manaja na ji labarin, ita ma da ɗan murmushinta.

Da farko na ce madalla, an huta. Amma ba a jima ba na ga abin da ya ba ni tsoro. Abinci sai ya juya cokali ya ture. Kullum da safe zai fito da babur tsakar gida ya wanke shi tas, ya goge madubi, ya shafa wa sarƙa mai, ya mayar da shi ba tare da ya tayar ba. Magana ta koma i da a'a. Ni da ke mun ga yadda Baba ya ƙare bayan da aka karɓe masa shago, ba ciwo ba komai, zama ne kawai ya cinye shi. Na ji tsoro, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Ana cikin haka, wata rana da tsakar rana sai ga Likitan Haƙori a ƙafa, ya ajiye motarsa a layin baya don kada a gan shi. Kin san tagar kicin ɗina baranda take kallo, ni kuma ban ga dalilin da zai sa in toshe kunnena a cikin gidana ba. Bayan kewaye-kewaye sai ya fito da abin da ya kawo shi. Ashe sabuwar rigar fatar da zif ake haɗa ta da wandon ta bayan ƙugu, shi kuma kafaɗarsa ba ta juyawa ta kai can, ga mafitsara ba ta riƙe masa. Da can in ya matsu sai ya rage gudu ya koma baya, Malam ya riƙe masa babur ya sauka, ya gama, ya sake riƙe masa ya hau, ba wanda ya sani. Yanzu kuwa ga zif ya ƙaru, kuma ba zai iya faɗa a cikin hula ba don kowa zai ji. Ya roƙi Malam don Allah ya biyo su daga nesa, inda madubi ba zai nuno shi ba, kuma kada kowa ya sani. Ya ce shi fa ranar taro ganin idon mutane ne ya sa ya ɗaga hannu. Washegari sai ga Kwastan, yau babu tsawa, murya kamar ta mai neman aure. Wai in sugansa ya faɗi ba ya ganewa sai babur ya fara yi masa rawa, Malam ne ke lura daga baya ya tsayar da shi ya ba shi alewa. Shi ma a biyo shi daga nesa, shi ma kada kowa ya ji. Ban gama mamaki ba sai ga Manaja da kansa, da baƙin tabarau kamar ɓarawo. Ashe ba ya ganin allon hanya sai ya zo dab da shi, hannunsa kuma rawa yake, ba ya iya ɗiga wa kansa maganin ido. Duk inda aka yada zango Malam ne ke zagawa da shi bayan gini ya ɗiga masa, ya faɗa masa kwanonin hanyar da ke gaba, shi kuma ya fito yana nuna wa mutane hanya da yatsa kamar shi ya shimfiɗa kwaltar. Kowannensu yana zaton shi kaɗai ne mai lalura. Kuma Manaja ya ƙara sharaɗi, wai kada Malam ya saka rigar nan mai ƙyalli, don ana hango ta daga nesa.

Da suka gama zuwa na tsare shi a ɗaki na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ce sun kore shi a bainar jama'a, sun dawo ta ƙofar baya suna neman ya zama tsumman goge musu kunya, in yana da zuciya ya ce kowa ya je ya faɗi lalurarsa a cikin hular tasa mai magana. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya roƙe ni in yi masa alkawari ba zan tona asirin kowa a garin nan ba. Na yi, don ranar ce ya cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari. Ke kaɗai nake faɗa wa, tunda nisan da ke tsakaninku ya isa ya rufa musu asiri. Ranar tafiya ya bari sai da ruguginsu ya yi nisa, ya fita cikin wata tsohuwar rigar sanyi ruwan toka, rigar ƙyallin tana rataye a ƙusarta. Daga baya ya ba ni labarin yadda ya riƙa laɓewa a bayan banɗakin gidajen mai, suna zuwa masa ɗaya bayan ɗaya kamar layin asibiti, kowa na waige kada ɗan'uwansa ya gan shi.

Ranar dawowa, wajen la'asar, na ji rugugin baburansu ya wuce ta babban titi. Na buɗe ƙofar gida, na ɗora ruwan wanka. Shiru. Na kira wayarsa, tana shiga ba a ɗauka. Ruwan ya huce na sake ɗorawa. Can sai ga hotuna matar Manaja ta turo min, zakuna a bakin tafki kowa ya riƙe ƙugu. Na ja mayafina na nufi gidan Manaja. Yaya, da ma kin ga abin da na gani. Suna baje a barandarsa, an tuttuɓe takalma, wasu sun tsoma ƙafa a robar ruwan ɗumi, warin man zafi ya cika wurin. Rinin gemun Manaja ya zubo har kan singileti. Likitan Haƙori yana gefe ya zare hannuwa daga rigar fata, tana reto a bayansa, har yanzu a haɗe da wandon, don babu mai buɗe masa. Na gaishe su, na tambaya ina suka baro Malam.

Manaja ya dube ni, ya dubi mutanensa, ya gyara murya ya ce ai Malam ba ya cikin tafiyar nan, an sauke masa nauyi tun tuni, ko na duba wajen abokansa na masallaci. Mutumin da aka ɗiga wa magani a ido da safiyar ranar! Kwastan ya duƙar da kai yana wasa da murfin kwalba. Likitan Haƙori ya tsura wa robar ruwa ido kamar zai ga kifi a ciki. Kowannensu ya san Malam yana bayansu, kowannensu ya san bai iso ba, amma gara musu ya kwana a daji da ɗan'uwansu ya san suna da mafitsara. Kin san bakina, ke ce kika sa min suna Barkono. Maganar ta zo min har kan harshe, da zif ɗin da alewar da maganin idon, da na sake ta da babu wanda zai ƙara ɗaga kai a cikinsu. Amma na yi alkawari. Na dube su ɗaya bayan ɗaya har sai da kowa ya kawar da kai, na juya na fito. Ban taɓa raina wasu bayin Allah kamar yadda na raina su a wannan yammacin ba.

Ina isa gida ina shirin kiran Tagwaye su bi hanya, sai ga wata motar gawayi ta tsaya a ƙofa. Malam ne a baya, zaune a kan buhuna, babur a kwance kusa da shi, ya rungume hannu a ƙirji, ya yi baƙi tun daga kai har ƙafa. Na ce a raina, to, yau dai ka samu kayan ƙungiya. Ashe abin ya faru ne a wata kwana da tifa ta zubar da tsakuwa. Shi hankalinsa yana can gaba yana lura da bayan Kwastan, tayar gaba ta zame, suka gangara cikin kwari shi da babur. Tun hantsi yake wurin. Motoci suna ta wucewa ta sama, ba wanda ya hango mutum mai riga ruwan toka a cikin ciyawa da duwatsu. Sai da direban gawayin ya tsaya injinsa ya huce, ya ga madubi yana walƙiya a ƙasa. Na tambaye shi ina wayarsa, ya ce tana aljihu lafiyarta ƙalau. Bai kira su ba don ya yi musu alkawarin ba za a san yana nan ba. Nawa kiran kuma yana gani, wai ya san abin da zan faɗa, gara ya jira mota. Wannan ta yi min ciwo fiye da duk abin da Manaja ya faɗa, na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska, sannan muka tafi asibiti.

Kin zaci kunya za ta hana su zuwa? Sun zo dubiya, amma ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ajiye mota a layin baya, kowa da ledar lemo. Lemo har ya fara ruɓa mana, na rarraba wa maƙwabta. Kuma kafin kowa ya tashi sai ya rage murya ya tambaya yaushe likita ya ce za a kwance hannun, don akwai wata tafiyar a gaba. Shi kuwa ƙanin naki, Allah ya shirye shi, cewa yake in sha Allahu yana nan tafe. Na ce masa ko kare aka yi wa haka ya canza gida. Ya ce shi ba don su gode yake yi ba, wata rana sugan Kwastan zai faɗi a kan kwana, kuma shi ba zai iya zama a baranda ya san bayan mutane a buɗe yake ba. Sai na tambaye shi, duk shekarun nan da yake rufe bayan kowa, shi wa ke rufe nasa. Ya yi ɗan murmushi, ya ce na ƙarshe ai ba shi da na baya.

To ga alfarmar, Yaya. Hana shi fita daidai yake da in haƙa masa kabari a baranda, barinsa ya tafi shi kaɗai kuma na ga ƙarshensa. Don haka hular kwano nake so ki saya min a can wajenku, mai ƙwari ta gaske, don na kasuwarmu ko faɗuwa suka yi daga kan tebur sai su tsage kamar ƙwai. Kada ki sayo baƙa, kuma kada ki sayo mai na'urar magana, muryata ta isa. Rigar ƙyallin nan tuni na sauke ta daga ƙusa, na wanke, na kai wa tela ya buɗa ta daidai jikina. Suna son mutumin da madubi ba zai nuno ba, to za su ga ƙatuwar mace cikin riga ruwan ɗorawa a zaune a bayansa tun daga nesa, kuma duk mai son a buɗe masa zif sai ya zo ya faɗa a gabana. Da na gaya wa Malam ya yi ta dariya har hannun ya motsa ya yi ƙara. Daga baya na leƙa tsakar gida na gan shi tsugune yana gwada matakan ƙafa na bayan babur da hannun hagu, ya ɗago ya ce min kujerar tana bukatar sabon soso.

Ki gaishe min da maigidan da kyau, ki ce ina yi masa sannu da jinyarki. Ki gaishe da Auta da amaryarsa, da Dogo, da Mai Sunan Inna, da 'yan jikokina duka, ki ja wa ƙaramin kunne a madadina. Gwaggo tana gaishe ki, Tagwaye ma haka, Malam ya ce a miƙa gaisuwarsa ko da yake bai san me na rubuta ba. In kin buɗe ambulan za ki ga wani ɗan zare a naɗe, kada ki zaci datti ne ki yar. Awon kaina ne, da ɗankwali a kai na auna. Ki hanzarta don Allah, hannun yana warkewa da sauri. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki har kullum,
Barkono